Ta ina zan fara koya wa yaran ƙauye nahiyar Afirka?

Malamin Aji Biyar, daga yankin Ringim:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe da malamai da iyaye da ke wannan zaure, da fatan an shiga sabon zangon karatu lafiya.

Ni malami ne a wata firamare ta ƙauye a yankin Ringim, kuma a wannan zango aka ɗora mini koyar da 'yan aji biyar da na shida darussan zamantakewa da tarihi. Cikin abin da zan koyar akwai nahiyar Afirka, wato yanayin ƙasarta da tarihinta da al'adun mutanenta. Yaran suna iya rera mini cewa Afirka nahiya ce mai ƙasashe 54, kuma ita ce ta biyu a girma bayan Asiya, amma da na tambaye su ko akwai wanda ya taɓa zuwa Afirka, sai aji ya yi tsit. Can sai wani yaro ya ce yayansa ya taɓa zuwa, domin ya yi aikin gini a Libiya. Wata yarinya kuma ta tabbatar mini cewa Makka tana cikin Afirka, amma Legas ce ba ta da tabbas a kanta.

Kayan aikin da nake da su kaɗan ne. Babu taswirar bango a makarantar, littafin darasin da Turanci yake kuma kwafi ɗaya ne a hannuna, yaran kuwa sun fi ƙarfin bencinan aji har wasu a ƙasa suke zama. Akwai taswira a wayata, sai dai in na ɗaga ta 'yan sahun gaba kaɗai ke gani, na baya kuma su taso a hargitse.

Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki. Da me ya kamata in fara, labarin ƙasa ko tarihi? Wane tarihi ne ya dace da yaro ɗan shekara goma zuwa sha biyu, ganin cewa dauloli da sarakuna da shekaru suna da yawa? Sannan yaya zan koyar da al'adu ba tare da darasin ya koma jerin sunayen ƙabilu da tufafinsu da raye-rayensu ba, kamar yadda littafin ya kawo? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hedimasta, daga yankin Hadeja:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yi maka albarka da ka damu da abin da ya zauna a kan yaran, ba abin da ke fita daga bakinsu kaɗai ba. Shawarata ita ce ka jingine sunayen ƙasashe da manyan biranensu zuwa ƙarshen zango, ka fara da kogin da ke kusa da ku, domin yaro ba ya musun ruwan da ya taɓa wanka a cikinsa.

Ka tambaye su daga ina wannan ruwa yake zuwa, kuma ina za shi. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa kafin a kai Wudil, su zama kogin da ya biyo ta wajenku ya iso mana Hadeja. A kan Kogin Kano aka gina madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma babu yaron da bai taɓa jin manya suna cewa an saki ruwan Tiga ba a shekarar da ambaliya ta ci gonaki. Daga Hadeja ruwan yana bazuwa cikin fadamun Hadeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are a wajen Gashuwa, ya zama Kogin Yobe, wanda ya bi iyakar Najeriya da Nijar har ya faɗa Tafkin Chadi. To ka ga ba ku rabu da gaɓar kogi ɗaya ba, amma ka riga ka kai su bakin ƙasashe huɗu, wato Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. A nan za ka gaya musu cewa ruwan wannan tafki ba ya fita zuwa teku, cewa mafi yawansa daga kudu yake zuwa ta Kogin Shari da Lagone, kuma a shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi ƙwarai. Ka tura su gida su tambayi kakanninsu labarin farin 1973, za su dawo maka da abin da babu shi a littafinka.

Batun rashin taswira kuwa, filin makaranta ya ishe ka. Ka sa a share wuri a inuwa, yara su kawo toka daga murhun gidajensu, ka zana nahiyar a ƙasa da ita. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ma'auni, don haka ka ɗauki kowane taku ɗaya a matsayin kilomita 500. Daga Tunisiya a can arewa zuwa ƙarshen Afirka ta Kudu kimanin kilomita 8,000 ne, wato taku 16, daga Dakar a yamma zuwa ƙahon Somaliya a gabas kuma kusan taku 15. Najeriya duka ba za ta wuce taku biyu da ɗoriya ba kowane ɓangare, tafiyar Ringim zuwa Kano kuwa, wadda yaran suke gani doguwa, faɗin tafin hannu ce kawai a kan wannan zane. Ka bar su su auna da ƙafarsu, kada ka faɗa musu. Ka kuma daidaita arewar zanen da arewa ta gaskiya, tun da sun san gabas ta wajen alƙibla, sa'an nan ka ajiye dutse a hayin Bahar Maliya, wajen layin toka, ka ce wa waccan yarinya ga Makka nan, a nahiyar Asiya take, teku ne siriri tsakaninta da mu.

Daga nan sai a cika zanen a hankali, mako bayan mako. A zuba yashi a Sahara, wadda ta kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 9, kusan kashi ɗaya cikin uku na nahiyar. A watsa ɗanyen ganye a dajin Kwango. A shimfiɗa igiya ko tsumma a matsayin koguna. Kogin Nilu, mai tsawon kimanin kilomita 6,650, yana da rassa biyu, ɗaya daga Tafkin Biktoriya ɗaya daga Tafkin Tana na Habasha, suna haɗuwa a Khartum su nufi arewa zuwa Masar, kuma yara kan yi gardama a kan yadda ruwa zai gangara arewa, gardamar da nake so, domin ita ce hanyar koya musu cewa ruwa gangare yake bi, ba ruwansa da kudu ko arewa. Kogin Neja shi ma abin mamaki ne, domin ya taso daga tsaunukan Gini kusa da Tekun Atlantika, amma ya juya wa tekun baya ya nufi bakin hamada har kusa da Tambutu, sa'an nan ya karyo ta Gawo da Yamai ya shigo Najeriya, ya karɓi Binuwai a Lakwaja kafin ya kai teku. A ɗora dutse mai tsini a Tanzaniya a matsayin Kilimanjaro, mai tsayin mita 5,895, wanda ƙanƙara ke kwance a kansa duk da yana kusa da tsakiyar duniya inda rana ke da ƙarfi.

Idan hunturu ya kama, ka fito da su ka nuna musu hazo, ka tsayar da yaro ɗaya a arewacin Chadi a kan zanen, ka ce daga busasshen kwarin da ke nan iska take kwaso mafi yawan wannan ƙura ta kawo mana. Da damina kuma iskar tana juyawa, ta taso daga Tekun Atlantika ɗauke da ruwa, shi ya sa Legas take samun ruwan sama kafin mu, kuma fiye da mu.

Malamar Tarihi, daga Bebeji:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, wannan zane na toka ni ma zan ɗauka. Malam, ni a ƙaramar sakandare nake koyarwa, kuma abin da na lura da shi shi ne yaran da suka zo mana daga firamare da haddar shekaru ba sa riƙe komai, amma wanda aka ba shi labarin tafiya ba ya mantawa. Saboda haka a kan zanen da Baba ya kwatanta, ka shimfiɗa hanyoyi uku da kakanninmu suka bi da ƙafa, tarihin zai biyo su da kansa.

Ta farko hanyar goro ce, kuma da goro a hannu ake fara ta. Ka tambaye su ko sun taɓa ganin bishiyarsa, za su ce a'a, alhali babu ɗaurin aure ko suna da za a yi babu shi. Fatake ne suke tashi ayari guda da jakuna, ƙarƙashin madugu, su yi watanni a hanya zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga, a arewacin Ghana ta yau, su dawo da goro a lulluɓe da ganye ana yayyafa masa ruwa don kada ya bushe. Wannan ne asalin unguwannin Zango da ke Kumasi da Akara, inda har yanzu ake jin Hausa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a nan Bebeji a 1877, da fataucin goro ya fara kafin jirgin ƙasa ya iso Kano ya buɗe kasuwar gyaɗa. Ta wannan ɓangare na yamma ne kuma Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali zamanin Sarkin Kano Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, suka ƙarfafa Musulunci a birni. Da ka ambaci Mali ka sami ƙofar ba da labarin Mansa Musa da hajjinsa na 1324, da zinariyar da ya rabar a Alƙahira har darajarta ta faɗi, da malaman Tambutu da ɗakunan littattafansu, da daular Songhai wadda sojojin Maroko masu bindiga suka karya a 1591.

Ta biyu hanyar hamada ce. A nan abin nunawa shi ne baƙin rawani mai sheƙi irin na Buzaye, domin a garin Kura ake rina shi da baba a buga shi, har ake kiransa ɗan Kura, kuma raƙuma ne suke ɗaukarsa zuwa Agadas ta Nijar da gaba da nan. Ayarin Azbinawa suna kawo gishirin Bilma su koma da hatsi da tufafi, wasu ayarin kuma suna ƙetarawa ta Gat da Gadamus har Tarabulus ta Libiya a bakin Bahar Rum. Jar fatar akuya da aka jeme a ƙasar Hausa ta bi wannan hanya ta isa Turai, inda aka riƙa danganta ta ga Maroko. Ta nan ne kuma Shaihu Almaghili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, ya iso Kano zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, sarkin da ya kafa Kasuwar Kurmi. Yaron da yayansa ya je Libiya, ka nuna masa cewa hanyar da yayan ya bi a bayan mota ta Agadas tsohuwar hanya ce, ka kuma gaya masa gaskiyar haɗarin da ke cikinta a yau.

Ta uku, wadda ta fi taɓa zuciyar yara, ita ce hanyar hajjin ƙasa. Kafin jirgin sama, alhazai sukan bi ta Borno da Chadi da Darfur, suna tafe suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, wani sai ya yi shekaru kafin ya kai Sawakin ta Sudan a bakin Bahar Maliya, da yawa kuma ba su dawo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa ya ci gaba da sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Maiwurno a bakin reshen Nilu da ya fito daga Habasha, kuma zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Da wuya ka rasa gidan da ake ba da labarin wani kaka da ya tafi gabas, don haka ka tambaya. Kuma tun da yaran suna zuwa Islamiyya, sun riga sun san hijirar sahabbai zuwa Habasha da adalcin Najjashi, abin da ba su sani ba shi ne wannan Habasha tana kan zanen da suke tsaye, kuma sarkin da ya ba Musulmi mafaka Kirista ne.

Roƙona ɗaya, kada 'yan matan ajin su tashi da tunanin cewa tarihi na maza ne. Mace ce, Faɗima Alfihriyya, ta kafa masallacin Ƙairawiyyin a birnin Fas na Maroko a shekarar 859, wanda ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin ilmi a duniya. Nana Asma'u 'yar Shehu kuma ta tsara jajis, wato malamai mata, da ɗalibansu 'yan taru, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙi.

Ɗalibin Jami'a, daga Birnin Kudu:

Ina neman afuwar iyayena da suka riga ni magana, domin ban kai in gyara musu ba, amma akwai abin da nake tsoro a wannan tsari. Duk hanyoyin da Malama ta zana sun tsaya ne a arewacin nahiyar, kuma kusan duk wanda aka ambata Musulmi ne ko abokin cinikin Bahaushe. Yaron da aka koyar haka zai fita da cewa Afirka ƙasar Hausa ce da aka faɗaɗa, alhali taku takwas na ƙasan zanen Baba babu ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku da ta taka su, kuma nahiyar tana da harsuna wajen 2,000.

Ina ganin wajibi ne a ware makonni na abin da bai yi kama da mu ba. A Zimbabuwe akwai kufan birnin da aka gina da duwatsu tsakanin ƙarni na 11 da na 15, an jera su ba tare da laka ko siminti ba, bangon ya kai mita 11 a wasu wurare, kuma Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna musun cewa baƙar fata ne suka gina shi. Zinariyar wannan ƙasa tana fita ta biranen Sawahili na bakin Tekun Indiya irin su Kilwa, inda ake ciniki da Larabawa da Indiyawa, har tangaran ƙasar Sin an tono a can. A Habasha akwai majami'un Lalibela da aka sassaƙa daga dutse guda zuwa ƙasa, kuma mutanen suna da haruffan rubutunsu na kansu tun da daɗewa. A Sudan, gine-ginen dala, wato kaburbura masu tsini na sarakunan tsohuwar daular Kush, sun fi na Masar yawa. Ko a cikin Najeriya, yaro ya san gumakan yumɓu na Nok da suka haura shekara 2,000, da tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, da kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Jihar Yobe ta yau a 1987, wanda aka ƙiyasta shekarunsa da kimanin 8,000. Mu nan Birnin Kudu muna da zanen shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, kuma abin takaici ne yadda yara da yawa na Jigawa ba su taɓa jin labarinsu ba.

Abu na biyu ya fi nauyi. Ayarin da suka ɗauki rawani da fata zuwa Tarabulus sun ɗauki bayi ma, kuma an sayar da mutane a kasuwannin ƙasar nan. Ta Tekun Atlantika an loda mutane fiye da miliyan 12 a jiragen ruwa zuwa nahiyar Amurka, cikinsu har da Hausawa da aka kai Bahiya ta ƙasar Brazil, inda suka shiga tawayen bayi a farkon ƙarni na 19. Ban ce a tsorata yara ba, kuma na san a ƙauye wannan magana tana buƙatar hikima, domin ana sane da asalin gidaje, bai kamata darasi ya zama abin gori a filin wasa ba. Amma ɗan aji shida ya isa ya ji cewa an yi wannan, cewa zalunci ne, kuma ba baƙi kaɗai suka yi shi ba.

Haka nan iyakoki. Kada a zana su da toka tun farko, a bari sai an zo darasin taron birnin Balin na Jamus, daga 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen Turai suka shata ƙa'idojin rabon nahiyar ba tare da wakilin sarakunanta ba, sa'an nan a ɗauko alli ko gawayi a tsaga zanen a gaban yaran. Misalin yana kusa da ku, domin yarjejeniyoyin Ingila da Faransa ne suka sa mutumin Maigatari da ɗan'uwansa na ƙasar Damagaram suka zama 'yan ƙasa biyu, ɗaya ana koya masa Turanci ɗaya Faransanci. A faɗa musu Kano ta faɗa hannun Turawa a 1903, Hadeja ta yi turjiya har aka kashe Sarki Muhammadu a 1906, Habasha kuma ta karya sojojin Italiya a Adwa a 1896. Daga nan a zo ga 'yancin Ghana a 1957, da ƙasashe 17 da suka sami nasu a 1960 har da Najeriya, da zaɓen Nelson Mandela a matsayin shugaban Afirka ta Kudu a 1994.

Malam, ka kuma yi hattara da taswirar duniya da ke wayarka. Irin zanen da aka fi yaɗawa yana kumbura ƙasashen da ke can arewa, har tsibirin Girinlan ya yi kamar ya kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14.

Malamin Gona, daga yankin Kazaure:

Ni ba malamin aji ba ne, aikina da manoma yake, amma ina da 'ya'ya a firamare. Abin da ɗan'uwana na Birnin Kudu ya faɗa gaskiya ne, sai dai ina ganin akwai mai kai yaran zuwa kudancin nahiyar ba tare da sun ji an raba su da gida ba, wato shamuwa. Kowane yaro ya san zuwanta alamar damina ce, ya ga sheƙarta a kan kuka ko tsamiya, amma ba a tambayarsa ina take tafiya bayan kaka. Kudu take yi, ta ƙetare tsakiyar duniya zuwa gabashi da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe, domin lokacin da muke hunturu su suke damina, lokacin da muke damina kuma su suke sanyi da rani. A fadamun Hadeja da Nguru kuwa akasin haka ake gani, tsuntsayen Turai ne suke sauka da hunturu suna gudun sanyin ƙasarsu.

Game da al'adu, Malam, ka sa kowane yaro ya kawo ɗan abin da ake nomawa a gidansu, a kasa su kashi biyu. Gero da dawa da wake 'yan asalin wannan nahiya ce, a nan aka fara noma su. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono kuwa daga nahiyar Amurka suka zo bayan jiragen Turawa sun haɗa ɓangarorin biyu, kuma na sha ganin dattawa sun ƙi yarda cewa akwai zamanin da ake miya a ƙasar Hausa babu barkono. Gahawa daga Habasha ta fito. Zoɓon da muke nomawa a Jigawa ana shansa a Masar da Sudan da Senegal, ana kuma fitar da shi har Meziko. Mutanen Kenya da Tanzaniya suna tuƙa garin masara su ci da miya kamar yadda muke yi, Habashawa kuwa wani ƙanƙanin hatsi suke niƙawa su tsima shi su yi faffaɗar waina mai tsami. Ta haka yaro zai ga inda muka yi tarayya da inda muka bambanta, kuma zai gane cewa ruwan sama da irin ƙasa ne suke yanke abin da ke cikin tukunya.

Gini ma haka ne. Babban masallacin Jenne a Mali na ƙasa ne, kuma kowace shekara mutanen gari suna fitowa gaba ɗaya su yi masa yaɓe, aikin da yaranmu suka sani a gidajensu kafin saukar ruwa. Makiyaya kuma, Fulani sun bazu daga Senegal har Sudan, Masai na Kenya da Tanzaniya su ma rayuwarsu a kan shanu take, sai dai harshe da addini da sutura duk daban. In kana son aji ya yi shiru kuwa, ka yi musu tatsuniyar Gizo, sa'an nan ka gaya musu cewa Ashantawan Ghana su ma gizo-gizo ne gwanin wayo a tatsuniyoyinsu, kuma bayin da aka kwashe sun tafi da labaransa har Jamaika, inda ake ba da su har yau.

Malamin Aji Biyar, daga yankin Ringim:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tsara zangon kamar haka: makonnin farko kogi da zanen toka, sai hanyoyin fatake da alhazai, sai kudanci da gabashin nahiyar ta bin shamuwa, iyakoki da mulkin mallaka kuma su zo a ƙarshe tare da sunayen ƙasashe. Batun bauta zan fara tuntuɓar hedimasta da limamin gari a kan lafazin da ya dace, kuma 'yan aji shida kaɗai zan yi wa shi.

Baba, saura abu biyu. Makarantarmu ba ta da katanga, awaki da iska ba za su bar zanen ya kwana ba. Sannan jarrabawar ƙarshen zango da Turanci ake yin ta, ina tsoron kada yaran su fahimci komai da Hausa su kasa amsa takarda.

Tsohon Hedimasta, daga yankin Hadeja:

Malam, kada ka nemi zanen ya kwana. Ka kafa 'yan turaku ko ka binne duwatsu a kusurwoyi shida ko bakwai, wato Tanja ta Maroko da bakin Suwes ta Masar da ƙahon Somaliya da ƙarshen kudu da lungun Kamaru da Dakar, su ne kawai za su zauna. Duk ranar darasi sai ka ba rukuni ɗaya na yaran toka su haɗa layin da kansu, sauran su tsaya a gefe suna gyara musu, kuma kafin zango ya ƙare za ka ga mafi yawansu suna iya zana nahiyar a allo ba tare da sun kalli komai ba.

Game da jarrabawa, ka yanka kwalayen da aka zubar a shaguna, ka rubuta sunan kowane kogi da tafki da ƙasa da Turanci da manyan baƙaƙe, yadda zai fito a takarda. Bayani ka yi shi da Hausa, amma kwalin da yaro zai ɗauka ya kai mazauninsa a kan zanen na Turanci ne, kuma ya karanta shi da ƙarfi kafin ya ajiye. Minti goma na ƙarshen darasi a koma aji, kowa ya kwafi jimloli uku ko huɗu na Turanci a littafinsa a kan abin da aka taka a ranar. Kwalayen kuma ka riƙa tattara su a buhu kana ajiyewa a ofishin hedimasta, domin gara tana cin su in aka bar su a ƙasa.